Ganga Ɗaya Don Enid

Mashayar Baƙin Rago, Leeds
Litinin, shekara sittin cif da babban sanyi

Zuwa ga matata Enid,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya sabon ƙashin da likitoci suka sa miki a kwatangwalo, yana jin magana ko ya ɗauko halin mijinki? Ina fatan 'yarmu Gillian tana kula da ke, kuma iskar tekun Scarborough ba ta shiga miki gaɓoɓi. Ni lafiyata ƙalau. Ina cin abinci, kada ki tambayi wane iri.

Gillian ta ce in riƙa kiranki ta waya. Ki gaya mata ba abin da kunnena ke ji a cikin abin nan sai ƙugi. Kuma ke kika koya mini rubutu a kan teburin kicin bayan aurenmu, ina ƙato da gashin baki, saboda haka ke za ki sha wahalar karanta shi.

Na sa kwanan wata yadda na iya. Kin san ba na riƙe lamba, amma na riƙe shekarar da dusar ƙanƙara ta sauka washegarin Kirsimeti ta ƙi tashi har watan Maris, madara ta daskare a kwalba ta ɗaga marfi sama, aka yi makonni ba a buga ƙwallo ba. A irin wannan watan ne bas ta maƙale a bakin titinmu, Horace kwandasta ya kwaso fasinjansa ya shigo da su Baƙin Rago su ji ɗumi. A cikinsu akwai wata yarinya mai jar hula, ta zauna kusa da murhu tana karkarwa. Na san kin san labarin. Sai na faɗa.

Ni lokacin watana huɗu da fara aikin ɗakin ƙasa, inda ake ajiye gangunan giya, a hannun Mista Sugden mai mashayar. Na ce a raina wannan yarinya ba za ta sha komai ba sai abin da ya fi kyau a garin nan, wato giyar nan Jar Tordoff. Gangar kuwa jiya-jiya aka kawo ta, ba ta gama kwanciya ba, ga sanyi ya kama ta. Sai na yi dabara irin ta wawa, na jawo ta kusa da tukunyar ɗumama gida wai ta yi saurin nuna. Abin da na zubo miki ya fito kamar ruwan kogin Aire bayan an kwana ana ruwa. Kika ɗaga tambulan ɗin saitin fuskata, kika leƙa, kika ce, "Ina ka shiga? Ran da ka ba ni wadda zan hango ka ta cikinta, ka zo ka tambaye ni abin nan da ke cin bakinka." Kika shanye tas don kada in ji kunya. Mista Sugden ya murɗe mini kunne, har yau shi ne wanda ya fi rashin ji.

Kafin ki sake zuwa gari, babban kamfani ya saye Tordoff, masana'antar da ke dafa ta, ya rufe. Jar ta ɓace daga duniya. Kika aure ni haka nan, amma shekara sittin duk gardamar da muka yi da ita kike rufewa: "Mutumin da bai taɓa ba ni giya garau ba."

To ki gyara zama, 'yar tsohuwa, a hankali saboda ƙashin.

Tun kaka nake ɓoye miki wani abu. Akwai wata mata, Tamsin, tana dafa giya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Kakanta ya yi aiki a Tordoff, ta tsinci littafin haɗinsu a cikin kayansa, sai dai ɓera ya cinye rabin shafin Jar. Bev, mai mashayarmu ta yanzu, ta ce mata, "Je ki wurin Baba Cliff. Bai san abin da ya ci da safe ba, amma ya san abin da ya sha kafin a haifi uwarki." Duk ranakun Laraba da na ce miki na tafi duba tantabarun Horace, can nake. Haɗin farko na ce mata maganin tari ne. Na biyu na ce ta kusa, amma furen ɗacin ya yi yawa, kuma tsiron sha'irin bai gasu ba. Na uku ko kurɓa ban yi ba. Hanci kawai na kai na gane ta. Enid, ita ce.

Ganga ɗaya tak ta dafa mana, kuma yau da hantsi aka sauko da ita. Bev ta ciro makullin ɗakin ƙasa ta miƙa mini, shekara goma sha biyu bayan na ajiye shi, ta ce, "Taka ce, Baba, ni ba ruwana." Na kwantar da ita a kan gadon katako na kusurwa, na tokare ta dama da hagu, na huda cibiyarta na sa tsinke mai laushi don ta yi numfashi. Da kin ji yadda take huci! Wannan giya ce mai rai, ba irin matacciyar da suke turowa da iskar gas ba. Kwana uku za ta yi tana aiki, lakarta ta sauka ƙasa, sannan in toshe ta da tsinke mai tauri ta jira ki. Abu ɗaya ne ba ta so, a motsa ta. Na gaya wa kowa ko tari kada a yi kusa da ita.

Ranar Asabar nake so Gillian ta kawo ki, in likita ya yarda. In bai yarda ba ki ba shi wasiƙar nan ya karanta. Ki zo da jar hula in da hali.

Ki gai da Gillian da mijinta. Ki riƙa taka ƙafar kamar yadda aka ce, kada ki yi musu taurin kai, mutum ɗaya ya isa a gida.

Ni ne mijinki,
Clifford Oldroyd


Baƙin Rago
Juma'a

Enid tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar jiki da barci da cin abinci. Na ji an ce kin taka har bakin ruwa da sanda ɗaya. Madalla da ke.

Na san Bev ta riga ta kira Gillian ta ce kada ku taso gobe. Gara ki ji dalilin daga hannuna kafin Horace ya ƙara masa gishiri.

Har zuwa Laraba komai lafiya. Na buga mata bakin famfo da bugu ɗaya, ko ɗigo bai zuba ba, na ɗan zubo na duba, saura ƙiris. Na toshe ta na tafi gida ina fito a hanya kamar saurayi. Jiya Alhamis na tashi na ga gari ya yi fari da sanyi. Kin san kusurwar nan tana ƙarƙashin ƙofar da ake sauko da ganguna daga titi, iska tana ɗan shigowa. Ma'aunin da Bev ta rataya a bango ya ce ba komai. Ni kuma na ɗora tafin hannu a cikin gangar, hannuna ya ce sanyi ya yi yawa, zai sa mata hazo. Tsakanin hannun da ya yi shekara arba'in da takwas a ɗakin nan da wani ɗan ƙarfe da aka sayo bara, kin san wanda na bi.

Na hau sama na taso Horace daga kan jaridarsa. Na ce ya kama mini gadon katakon mu matsar da shi ɗani ɗaya kawai, gangar tana kai, ba za ta ma sani ba. Ya ce, "Cliff, ba kai ka ce ko tari kada a yi ba?" Na ce, "Kama, tsohon banza, tari na ce, ban ce ɗagawa ba." Muka ɗaga. Bayan Horace ya ce ƙas, ya yi ihu ya saki nasa gefen. Ina ji ina gani gangar ta zame, ta mirgina sau biyu, ta je ta gai da bango.

Ba ta fashe ba, ko ɗigo bai fita ba. Amma duk abin da ya kwanta kwana uku ya tashi. Na zubo na duba, kogin Aire ya dawo.

Bev ta sauko da gudu. Ta dubi gangar, ta dubi Horace a dunƙule yana kiran uwarsa da ta rasu tun zamanin tsohon kuɗi, ta dube ni. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai kawai ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye, ta ce, "Baba Cliff, shekara da shekaru kana ba mu labarin nan, ashe so kake ka nuna mana yadda aka yi!"

Ni ban yi dariya ba, Enid. Na zauna a kan wata ganga da babu komai a ciki, na ji kunnena na hagu yana zafi kamar Mista Sugden yana tsaye. Ashe mutum yana iya yin furfura a kan wautarsa ba tare da ta tsufa ba. Duka biyun kuma saboda ke na yi, wannan ba uzuri ba ne, gaskiya ce kawai.

Tamsin ta zo ta duba. Ta ce giyar za ta sake kwanciya, amma sai ta ga dama, kwana huɗu ko biyar. Ta kuma faɗi abin da na sani, giyar da ta riga ta shaƙi iska ba ta jira har abada, in ta wuce tsakiyar mako mai zuwa za ta fara tsami. Gillian ta ce Talata ce kaɗai ranar da za ta samu. To Talata ke nan. In ba ta washe ba a ranar, babu wata gangar, kuma ni da ke mun san ba a yi mana alkawarin wani sanyin ba.

Ga wata kuma. Tun Litinin Bev ta rubuta da alli a allon ƙofa cewa Asabar za a buɗe Jar Tordoff. Masu gemun nan da ke yawo gari-gari suna ɗanɗana giya sun ji, an ce har daga nesa za su zo. Bev ta ce ba ta san da wane baki za ta sallame su ba. Na ce ta bar mini wannan.

Bev ta isar mini da saƙonki. Wai wadda ta jira shekara sittin kwana uku ba za su kashe ta ba, amma in ta sake fitowa da laka za ki koma gidan iyayenki. Gidan iyayenki yanzu wurin ajiye motoci ne, sai ki tafi da bargo.

Horace yana gaishe ki daga kwance. Ki gai da yara.

Naki, mai kunya,
Clifford


Baƙin Rago
Litinin da la'asar

Zuwa ga Enid, matar da ta fi ni haƙuri,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ƙafa ta yi ƙarfi, kin kuma haɗa jakarki. Wannan wasiƙar ba za ta ga akwatin gidan waya ba, don za ki riga ta isowa. A aljihuna za ta kwana. Amma in ban rubuta ba zan fashe, kuma in na tsaya faɗa da baki za ki katse ni.

Bari in fara da Asabar. Tun kafin a buɗe na iso, na ɗauko kujerar nan mai gajeriyar ƙafa, na dasa ta a kan murfin ɗakin ƙasa a bayan kanta, na zauna, makulli a aljihun ciki. Kafin sha biyu da rabi gidan ya cika har ƙaramin ɗakin murhu. Rabon da in ga tagogin nan masu zane sun yi gumi haka tun ana rufe masaƙa da yamma ma'aikata su shigo a jere. Bev ta goge famfunan tagulla suna ta ƙyalli, ta jera nata giyoyin guda shida, amma kowa idonsa na kan famfo na bakwai da aka rufe da tawul.

Wani dogo mai gemu har ƙirji, da ɗan littafi a hannu, ya ratso ya ce daga Newcastle yake, jirgi biyu ya hau. Na ce sannu da hanya, ba ta nuna ba. Ya ce, "Haba dattijo, ai yanzu giya mai hazo ake yayi, mu ba mu damu ba." Na ce, "Ɗana, in hazo kake so ka fita waje ka buɗe baki, kyauta ne." Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Wani daga baya ya ce a ɗauke ni da kujerar gaba ɗaya. Wani ya ce tsohon ya shanye ne yake ɓoyewa. Horace, da ya lallaɓo da sanda don kada a yi ba shi, ya ce, "Ku ɗaga shi in kun gaji da bayanku, ni na gwada ɗaga abinsa."

Na ga fuskar Bev ta fara canzawa. Gidanta ne, kuma ita ta yi alkawari da allinta. Ta sunkuyo ta ce mini a kunnena mai ɗan ji, "Baba, ko ka buɗe ko ka gaya musu. Ɗaya za ka zaɓa."

Kin san ban taɓa ba baƙo labarin nan ba, na gida kawai. Amma na miƙe, ƙafa ɗaya a kan murfin don kada a yi mini wayo, na faɗa musu. Na faɗi bas, da jar hula, da tukunyar ɗumama gida, da abin da kika ce. Na faɗi abin da na aikata ranar Alhamis ban rage komai ba. Na ce musu tambulan na farko daga famfon nan na wata mata ce da ke koyon tafiya a Scarborough, kuma sai ta hango ni ta cikinsa, in ya so bayan nan su shanye har katakon.

Sai wata mata mai jan gashi da ban taɓa gani ba ta buga kanta da tafin hannu ta ce, "Duk wanda ya taɓa gangar nan sai ya bi ta kaina!" Horace ya ce ai shi ya haɗa auren, da ya iya tura bas da yanzu Cliff yana nan tuzuru. Mai gemun ya rufe littafinsa ya ce, "Talata ƙarfe nawa?"

Daga nan, Enid, sai abin ya koma biki. Suka juya kan giyoyin Bev, burodin namanta ya ƙare kafin ƙarfe biyu, har ƙwan tsamin da ke cikin kwalba tun bara ya samu masu so. Kowa ya zo wucewa sai ya ajiye mini rabin tambulan a gefen kujera, na ce musu ni mai gadi ne, ba rijiya ba. Da ɗaya daga cikin gangunan Bev ta ƙare dole ta sauka ta canza, sai na sa ta cire takalmi. Ta sauka da safa tana sanɗa, mutum sittin a sama suna ce wa juna shhh, wani ƙato ya riƙe atishawa har ya yi ja. Da fitsari ya matsa mini Horace ya hau kujerar a madadina, ya harɗe hannu kamar alƙali. Kafin in tafi gida cin abincin yamma an koya wa mutanen Newcastle waƙoƙinmu biyu, sun ɓata su duka.

Jiya Lahadi na sauka da kyandir, yadda Mista Sugden ya koya mini. Na zubo kaɗan na ɗaga a gaban wutar. Ta yi ja mai kyau, amma harshen kyandirin ya fito da gashi-gashi kamar ana kallonsa ta labule. Na hau na je coci, abin da rabona da shi tun jana'izar yayanki. Ban san ko ya dace a roƙi Allah a kan giya ba, sai na roƙe shi a kanki, na bar masa sauran ya gane da kansa.

Yau da safe katinki ya iso. Da ƙarfe biyu na sa shi a aljihu na sauka, Horace yana bina mataki-mataki yana nishi. Na kunna kyandir, na zubo na farko na zubar, na zubo na biyu. Ban yarda da idona a kan wutar ba, don ido yana ganin abin da yake so. Sai na ciro katinki na riƙe shi a bayan tambulan ɗin.

"Clifford, ka bar ta ta huta. Ka canza riga. Enid."

Ta cikin giyar na karanta shi, harafi bayan harafi, har ɗan ɗigon da kika sa bayan sunanki. Ja ce garau kamar tagar coci da rana ta bugo.

Ban sha ba. Na miƙa wa Horace saboda bayansa, kuma wannan na ɗakin ƙasa ne, ba a lissafa shi, naki ne na farko daga famfo. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Can ya ce, "Cliff, duk suna ciki. Sugden, da yayan Enid, da direban bas ɗina." Ya juya baya wai ƙura ta shiga masa ido. Babu ƙura a ɗakin ƙasata, kin sani.

Na toshe ta, na kulle, na gaya wa Bev ko gidan ya kama wuta a fara fitar da mutane a bar gangar inda take.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Na sha tunani a kai. Kin ce in zo in tambaye ki ran da na kawo garau, ban kawo ba, saboda haka ban taɓa tambaya ba. Yayanki ne ya ce mini an sa rana, na je coci na same ki a can. Shekara sittin ina zaune da mace a bisa alfarma.

Gobe da safe zan yi aski, in sa farar riga tunda kin ce in canza, da kwat ɗin bikin Gillian in ta yarda ta rufu. Ƙarfe tara zan sauka in zare tsinke mai tauri, in ja ruwa ta famfo na bakwai har sai ya fito tsaf, ba zan taɓa gadon katakon ba ko da ɗan yatsa. Sha ɗaya saura kwata ina tashar jirgin ƙasa ina jiranki. Zan kawo ki a hankali, in zaunar da ke kusa da murhu a inda kika zauna, in ja miki famfon da hannuna sau biyu da rabi, kumfa kaurin yatsa. Sannan in ɗaga shi saitin fuskata. Ba fuskar da kika nema ba ce a wancan lokacin, ta sha jiki, amma za ki gan ta. Daga nan zan tambaye ki. Ba zan durƙusa ba, don babu mai tashe ni, Horace ya gama aiki.

Ki yi tunanin amsarki a cikin jirgi.

Ni ne mai neman aurenki,
Clifford Oldroyd